Ba a Tsayawa a Maƙogwaro

Jini ya ɗiga a kan sitiyari, ɗigo ɗaya, sannan na biyu, amma Armiya'u bai ko sassauta ƙafarsa daga totur ba. Ya saki hannun dama, ya lalubo tsumman da yake ratayewa a madubi, ya murɗe bakinsa ya cusa a hanci, ya ci gaba da tuƙi yana numfashi ta baki. Baƙon fasinja ne kawai ke yin salati idan ya ga haka. Waɗanda suka saba shiga tsohuwar Golf ɗinsa daga Kaura Namoda zuwa Shinkafi ko hirarsu ba sa katsewa, iyakarta wani ya ce masa sannu, shi kuma ya gyaɗa kai. Shekara goma sha tara yana bin wannan hanya, kuma in ban da wata akuya mai taurin kai bai taɓa buge komai ba.

Haɓon na gado ne, kowa ya sani. Mahaifiyarsa Iyatu, can Birnin Tsaba, ta haura saba'in tana zubar da jini ta hanci, mahaifinta ma haka ya yi har ya koma ga Allah. Duk wanda ya ɗauko abin a gidan, da ya girma za ka ga ƙananan ɗigo jajaye a leɓɓansa da harshensa da kan yatsunsa, kamar an watsa masa garin barkono. Iyatu kuwa tana da nata ilimin a kan lamarin, kuma ba ta karɓar gyara. Ta ce jinin gidansu yawa gare shi, sai Allah ya yi masa ƙofa ta hanci, saboda haka mai haɓo ba abin tausayi ba ne. Hujjarta ita ce Nafi'u, wan Armiya'u. Shi nasa haɓon ya ɗauke shekara guda cur, har ana taya shi murna, sai ga shi ran nan a tsakiyar gero ya dafe kai da hannu biyu ya durƙusa, kafin a kawo shi gida rai ya yi halinsa. Tun daga nan, duk shekara kafin ruwa ya sauka, sai ta aiko wanzami har Kaura ya kafa wa Armiya'u ƙaho a ƙeya, a rage abin da hanci bai kwashe ba. Shi ma bai taɓa musu ba. Uwa ce ta faɗa, ga kuma kabarin Nafi'u.

Bara ne ƙaurin ya fara. Yana wanke mota a ƙofar gida da la'asar, sai ya ji ƙaurin roba tana ƙuna. Direba dai direba ne, nan da nan ya ɗaga murfin inji yana shinshinawa, injin da rabonsa da tashi tun azahar. Ya shiga gida zai tambayi matarsa Lauratu ko leda ta jefa a murhu, sai yatsun hannunsa na hagu suka fara yi masa yam-yam kamar kiyashi na bi. Iyakar abin da ya sani ke nan. Da ya farka yana kwance a tsakar gida, harshensa a cije, wandonsa a jiƙe, Lauratu ta danna sakata tana kuka ba sauti. Allah ya taimake su yara suna Islamiyya.

Babu wanda ya ambaci sunan abin a cikinsu, ai ba sai an faɗa ba. A garin nan mai farfaɗiya ba a haɗa kwano da shi, in ya faɗi ma daga nesa ake kewaye shi ana sannu, domin an ɗauka yawunsa in ya taɓa ka shi ke nan ka kamu. To balle a ce direba ne, mai ɗura rayuka tara a mota ɗaya. Da abin ya sake kayar da shi sau biyu cikin wata uku, duk a gida, Lauratu ta hana shi sakat. Ya gaya wa 'yan tasha zai je Sakkwato neman kayan gyara, ya wuce babban asibiti.

Likitan da ya duba shi bai fara da kai ba, da leɓe ya fara. Ya juya masa yatsu, ya sa shi ya fito da harshe, ya tambaye shi wa da wa ke haɓo a gidansu, da yadda Nafi'u ya rasu. Sannan aka tura shi cikin wani inji mai ƙara aka ɗauki hoton kansa. Da hoton ya fito likitan ya nuna masa wani wuri da bakin biro, can gefen dama, inda wani abu ya dunƙule kamar zaren da yaro ya yi wasa da shi. Ya ce jijiyoyin jini ne suka harɗe tun halitta, manya suka haɗe da manya ba tare da ƙananan da ke rage ƙarfin jini a tsakani ba, bangonsu kuma ba kauri. Ya ce irin wannan harɗewar ce a cikin hancinsa, ita ke fashewa ta zama haɓo, kuma ciwon iyali ne da ake gada. Amma na hanci daban, na ƙwaƙwalwa daban, ko hancin zai zubar da tulu guda ba zai rage wa na ciki komai ba. Na cikin shi ke kayar da shi. Yana iya zama lafiya lau har tsufa, yana kuma iya fashewa rana ɗaya, wataƙila irin yadda ya yi wa Nafi'u. Akwai aikin da ake yi, sai dai ba a nan ba, za a rubuta sunansa a jira, in layi ya zo kansa a kira shi a waya. Kafin nan ga ƙwayoyi, ɗaya safe ɗaya yamma.

Armiya'u na shirin miƙewa likitan ya ƙara da cewa, "Malam Armiya'u, ka ajiye tuƙi."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta da daɗin ji. "Likita, in aje in ɗauki mi?"

Likitan ya miƙa masa hoton da takardar magani. Gonar gidansu a Birnin Tsaba shekara uku ke nan ba wanda ya sa mata fartanya, mutanen daji, wato 'yan bindiga, sun hana. Ga 'ya'yansa biyar, ga huɗun da Nafi'u ya bari, ga Iyatu, duk bakinsu a jikin tayoyin Golf ɗin nan yake. Bai iya ɗinki ba, bai iya ciniki ba, ko tumatir ka ba shi ya sayar sai ya ruɓe a gabansa. Ya naɗe hoton ya cusa ƙarƙashin katifa, washegari ya koma layi, aka tambaye shi kayan gyara ya ce bai samu masu kyau ba.

Ƙwayoyin sun yi aiki, faɗuwar ta tsaya. Sai dai barci suke sa shi, wani nauyi a fatar ido wanda goro ba ya ɗagawa. Ran nan aka ɗauki shatar motarsa zuwa Kasuwar Daji, ya farga tayarsa ta riga ta sauka daga kwalta. Abin ya tsorata shi ƙwarai, sai ya yi wa kansa dabara irin ta direba: ta yamma zai sha, ta safe kuwa sai ya sauke lodi ya dawo. In ya yi sawu biyu, ta safen ta haɗu da ta yamma, wani lokaci ma a bar ta gaba ɗaya. Lauratu ta gane, don ita ke ajiye kwalbar. Ya ce mata ta kwantar da hankali, abin ba ya zuwa ba sallama, tsakanin ƙaurin da faɗuwar akwai kamar tsawon alwala guda, ya ishe shi ya gangara gefe ya kashe mota. Ta dube shi ta ce, "In a Maƙogwaro ya zo maka fa?" Ya ce ta cika baƙar fata, ya ɗauki makullinsa ya fita. Amma maganar ta bi shi har tasha.

Maƙogwaro sunan da direbobi suka sa wa wani yanki ne na hanyar, inda daji ya matso ta dama da hagu, ruwa ya cinye gefen kwalta ya bar kwazazzabo, abin da ya rage faɗin mota ɗaya ne tak. A nan mutanen daji suka fi tare hanya. Shi ya sa aka daina tafiya ɗai-ɗai, sai a taru da hantsi a yi ayari, motar sojoji ɗaya a gaba, sauran a bi ta bakin juna. Tambari, tsohon direban da ke shugabantar tashar, kullum kafin a tashi sai ya bi motoci yana maimaita doka ɗaya, har yaran masu sayar da ruwa sun haddace ta. Ba a tsayawa a Maƙogwaro. Taya ta fashe, ka tafi a kan ƙarfe. Mace ta fara naƙuda, ta haihu a mota. Domin wanda ya tsaya ba kansa kaɗai ya tsayar ba, duk wanda ke bayansa ya rufe masa hanya, sojojin kuwa suna can gaba, kafin su juyo an gama.

Akwai wani abu da Armiya'u ya fara yi tun daga ranar da Lauratu ta yi masa wannan tambaya, wanda ko kansa bai yarda ya gaya wa dalilinsa ba. Golf mutum huɗu take ɗauka a gaba, biyu a kujerar fasinja, ɗaya ya raba kujera da direba, giya a tsakanin ƙafafunsa. Da can duk wanda ya fi rama shi ake ba wurin. Yanzu Armiya'u sai ya bi fasinjojin da ido, in akwai wanda ya san ya taɓa riƙe sitiyari, shi zai jawo kusa da shi, ko da ƙato ne. 'Yan kamasho, masu kiran fasinja a tasha, har tsiya suke yi masa, wai ya fara son ɗumi.

Wata ranar Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, Maccido ya samu ya zaunar kusa da shi. Maccido mai albasa ne yanzu, amma ya ja babbar mota shekaru kafin bayansa ya hana shi. Aka yi lodi, buhuna a but har murfin bai rufu ba, aka ɗaure da igiya. A baya akwai wata mata, Zainabu, da 'ya'yanta biyu a cinya, za ta gaida mahaifiyarta. Armiya'u ne na bakwai a ayari, motoci goma sha biyar na bayansa. Ƙwayar safe tana aljihun gaban rigarsa, a naɗe cikin takarda.

Sun shiga Maƙogwaro hira ta mutu, kamar kullum, ba ka jin komai sai ƙarar inji da motsin carbi. Ba su yi nisa ba ya ji ƙaurin.

Ya roƙi Allah ya sa kuloci ne. Ya roƙi Allah ya sa motar gaba ce birkinta ya kama. Ya buɗa hanci ya ja iska, ƙaurin na nan, mai kauri, har cikin maƙoshi. Ba tare da ya juya ba ya tambayi Maccido a hankali ko yana jin ƙaurin roba. Maccido ya shinshina dama, ya shinshina hagu, ya ce shi dai albasa yake ji.

Yatsun hagu suka fara. Ya dubi madubi, motoci jere har inda ido ya ƙare, kowace cike da mutane. Ya dubi gefe, kwazazzabo ta nan, kwazazzabo ta can, babu inda za a ajiye ko keke. In ya taka birki ya miƙa wa mutanen daji mutum sama da ɗari. In ya yi shiru, nan da ɗan lokaci ƙafarsa za ta sandare a kan totur, ya tafi da tara cikin rami, kuma motar da ta kife ma hanya take rufewa. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, amma wallahi ba tsoron mutuwa ba ne ya fi yawa a ciki. Kalmar ce ta tsaya masa a wuya, kalmar da shekara guda bai furta ba ko a gaban matarsa. Ya san in ta fita, shi da sitiyari sun rabu ke nan.

"Maccido," ya ce, muryarsa ta fito da ƙarfi fiye da yadda ya so, duk motar ta ji. "Farfaɗiya gare ni, kuma ga ta nan tahe. Kama sitiyari, ka miƙo ƙafarka. Kada ka tsaya."

Ya ga idon Maccido ya fito. Ya ji Zainabu ta ja salati a baya. Ya janye ƙafafunsa ya naɗe su jikin ƙofa, motar ta yi wani luu kamar za ta mutu, sannan ya ji ƙafar Maccido ta tsallako gwiwarsa ta danna totur. Abu na ƙarshe da ya gani hannun Maccido ne, baƙi, mai kaushi, a daidai inda nasa ya goge fatar sitiyarin.

Ya farka a tashar Shinkafi, a gindin darbejiya, kan wata tabarma da ba ta kowa ba. Harshensa ya kumbura, hancinsa ya zubar har gaban riga, wandon kuma ba sai an faɗa ba. Mutane sun yi da'ira, amma tsakaninsa da mafi kusa za a yi taku biyar. Daga bakinsu ya tsinci labarin. Maccido ya ja motar a karkace, rabin jikinsa a kan giya, Armiya'u na fizga yana dukan kafaɗarsa da kai, wani fasinja ya riƙe shi ta baya da rawani don kada ya faɗa kan sitiyari. Haka suka fita Maƙogwaro, haka suka shigo gari. Ba motar da ta tsaya, ba wanda ya yi ko ƙwarzane.

Can wajen famfo ya hango Maccido, ya tuɓe riga yana dirzar kafaɗarta da toka da sabulu, ya ɗauraye ya sake dirza. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba. Zainabu ce ta matso, ba sosai ba, yaro a baya yarinya a hannu. Ba ta yi ihu ba, da ma ihun ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Malam, ka san kana da shi ka ɗauke mu?"

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi har ya ji da ma bai farka ba. Ta jira kaɗan, ta gyara goyonta ta tafi.

Da yamma wani direba ya bi ayari ya maido shi Kaura a cikin Golf ɗin, shi a baya shi kaɗai, don ba fasinjan da ya yarda ya shiga. Da suka iso direban ya miƙa masa makullinsa, amma labari ya riga su isowa. Tambari na zaune a kan bencinsa, ya sallami kowa, ya buga gefen bencin ya ce ya zauna. Tsohon bai matsa ba, kafaɗarsu har tana gogar juna, wannan kaɗai ya sa idon Armiya'u ya kawo ruwa. Tambari ya ce ya ji abin da ya yi a Maƙogwaro, kuma da ya tsaya da yanzu garin nan ba gidan da ba a kuka, da ya yi shiru ma haka. Ya ce wannan Allah ya gani, shi ma ya gani.

"Amma da nan ka hwaɗa min, kan wanga benci, da ba mu kai ga haka ba," ya ce, ya miƙa tafin hannu. "Kawo makulli, ɗana."

Armiya'u ya lalubo shi a aljihu, ya fito tare da ƙwayar safe a naɗe. Ya ba da makullin, ya haɗiye ƙwayar ba ruwa.

Iyatu da ta ji, cewa ta yi an yi sakaci da ƙaho bana, ta aiko wanzami tun ba lokacinsa ba. Armiya'u ya so ya yi mata bayanin hoton da ke ƙarƙashin katifa, ya ga ba zai iya gaya wa tsohuwa cewa ƙofar da ta dogara da ita shekara saba'in ba ƙofa ba ce, sai ya sunkuya aka kafa masa. Yanzu safe da yamma yake shan maganinsa a kan idon Lauratu. Wayarsa kullum a cike da caji, in baƙuwar lamba ta shigo gabansa ya faɗi, sai ya ji ashe kuskure aka yi. Daga Sakkwato har yau shiru.

Tambari bai bar shi a gida ba. Ya ba Sirajo, wani direba da tasa motar ta mutu, Golf ɗin ya riƙa ja suna rabawa, shi kuma Armiya'u ya sa shi cikin 'yan kamasho. Aikin ba wuya, ka tsaya a rana ka yi ta kiran gari, ka karɓi kaya ka ɗaure, ka cusa mutane. Barcin maganin ma a tsaye ba ya kayar da kowa. Abokan aikin suna gaisawa da shi lafiya lau, sai dai an ware masa kofinsa a wurin mai shayi, kuma ba wanda ya taɓa cewa komai a kai.

Wata Alhamis layi ya zo kan Golf ɗin, saura mutum ɗaya ta cika, ayari na shirin tashi. Yana kiran Shinkafi mutum ɗaya, Shinkafi mutum ɗaya, sai ga wata tsohuwa daga wajen Zurmi da ƙullin kaya a ka. Ya tare ta ya sauke mata ƙullin. Ta kai hannu za ta kama ƙofa, sai ta tsaya, ta ƙare wa motar kallo tun daga fitila har but. Ta jawo hannun rigarsa, ta rage murya irin ta mai ba da amana.

"Ɗan nan, tsakaninka da Allah. Ba wagga ce motar mai farfaɗiyar nan ba? An ce min in kiyaye."

Armiya'u ya dubi sitiyarin ta taga. Sirajo ya sa masa sabuwar riga ta roba mai ja da baƙi, ya matsar da kujera gaba don shi gajere ne.

"Ita ce, Inna," ya ce. "Amma an sauke shi. Shiga abinki."

Ta yi hamdala, ta sa masa albarka don ya faɗa mata gaskiya, ta shiga. Ya cusa ƙullin a ƙarƙashin ƙafarta, ya tura ƙofar da gwiwa don ya san sai an ɗaga ta kaɗan take kamawa, ya buga rufin sau biyu. Sirajo ya sa giya da ƙarfi har ta yi ƙara, Armiya'u ya runtse ido. Da ya buɗe motar ta shiga layin ayari, wata kuma ta matso gurbinta, babu kowa a ciki. Ya gyara murya ya fara kira.